Fatihar Da Gwaggo Ke Ƙarawa

Daga Allah muka fito, kuma a ƙofarsa kowa zai sauke kayansa. Gwaggo, yayar mahaifina wadda ta riƙe ni tun daga yaye, ta sauke nata wata Laraba da hantsi a ɗakinta na Sakkwato. Ni kuwa ina nan Doha, tsaye a kicin ɗin gidan da nake wa girki, hannuna cikin ruwan shinkafa. Ƙanwata ce ta kira. Ta kasa haɗa magana, sai "Yaya, Gwaggo, Yaya, Gwaggo," har na ce mata ta ajiye wayar, na ji.

Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Saƙonni suka yi ta shigowa. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta turo murya tana jan hanci, ta ce, "To yanzu wa zai wanke mu?" Balarabiyar da nake wa aiki ta same ni zaune a bakin ƙofar kicin, ta dafa kafaɗata ta yi wa mamaciyar addu'a, ta ce halas, wato shi ke nan, in bar girkin yau. Ɗana na fari, wanda ke tuƙa motar wani kamfani a Sanaiya, unguwar masana'antu ta nan Doha, ya kira ya yi mini ta'aziyya. Sai wani ɗan ƙanen babana, mai bakin da ba ya zama wuri ɗaya, ya jefa tasa a zauren danginmu na waya: "Allah ya ji ƙan Gwaggo. Yau dai mutanen Satiru sun rasa lauyansu." Wasu suka saka alamar dariya, sannan suka tuna rasuwa aka yi, suka goge.

Na kira ƙanwata. Na ce, "Da anka shafa addu'a, an ƙara?"

Ta gane abin da nake nufi. Ta ce, "Yaya, wa zai ƙara?"

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki biro. Ban iya rubutu ba sai da furfura ta fara leƙo mini, a ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga baƙaƙena sun karkace ya yi haƙuri. Maganar dai ba ta karkace ba.

Ga abin da ake ƙarawa. Duk gidan rasuwar da Gwaggo ta shiga, za ta cire takalmi, ta zauna, ta yi gaisuwa kamar kowa. Malam ya yi addu'a, a shafa. Hannuwa na sauka daga fuska sai a ji muryarta daga cikin mata: "A ƙara Fatiha guda, don mutanen Satiru." Ba ta ɗaga muryar kamar mai faɗa, ba ta kuma sassauta ta kamar mai roƙo. Kamar dai mace ta ce a miƙo mata ludayi. Wani malamin ya ƙara, wani ya yi kamar kunnensa ya toshe. In an ƙi, ta ɗaga hannu ita kaɗai ta karanta a fili har zuwa amin, mutane na kallon tabarma.

Don wanda bai sani ba, Satiru gari ne da ya taɓa zama kudu da Sakkwato, ba nisa. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar, talakawan garin nan suka ce ba su bi ba. Karon farko da fartanya da gatari suka kori sojan da aka tura musu. Karo na biyu Bature ya dawo da bindiga mai ruwa. Ba a bar ɗaki tsaye ba. Mata da yaran da suka rage aka kora su birni aka rarraba gidaje, sannan aka sa wa wurin baki, kada wanda ya sake kafa bukka ko ya sa fartanya a ƙasarsa. Ban karanta wannan a littafi ba. A bakin murhu na ji shi.

Cikin yaran da aka koro akwai Kaka, mahaifiyar Gwaggo da Baba, lokacin tana da giɓin haƙoran yarinta. Abin da ya zauna mata a rai ba ƙarar bindigar ba ce, ba kuma wutar ba. Da ana korarsu sun bi ta gefen fagen, ta ga mahaifinta kwance. Da wani facin shuɗi ta gane shi, wanda uwarta ta ɗinka masa a kafaɗar riga. Uwar ta tsuguna za ta rufe masa fuska da mayafinta, soja ya sa gindin bindiga ya ture ta. Haka suka wuce suka bar shi ido a buɗe. Ba wanka, ba likkafani, ba salla, ba wanda ya shimfiɗa tabarma aka zo masa gaisuwa. A birni aka raba Kaka da uwarta, kowa da gidan da aka kai ta, ba su sake ganin juna ba.

Kaka ma tana ƙara Fatihar, amma cikin tafin hannunta, ba mai ji. Ranar da Kaka ta rasu Gwaggo ta fito da Fatihar fili, ba ta kuma mayar da ita ba har ita ma ta tafi.

Ba zan ce Gwaggo mace ce mai sanyi ba, don in na faɗa tana iya tasowa ta ƙaryata ni. Baƙa ce, doguwa, haƙoranta ja da goro, kuma in ta zage ka sai ka kwana kana juya zagin kana gano sabon gefensa. Kullum da safe rediyonta na kan tashar Ingila. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, ke da ke cewa su anka ƙone mu, mi kike saurare wurinsu?" Ta ce, "Ina jiran ranar da za su ba da haƙuri. Kada a faɗa ina banɗaki." Amma ba ta yarda a ɗora wa Bature kaɗai ba. Takan ce, "Shi yac ce a ƙona. Hannun da yak kai wutar ga jinka baƙi ne kamar nawa."

Sana'arta ƙuli-ƙuli, aikinta kuwa wankan gawa. A bayan ƙofarta kullum akwai ƙwarya, da ƙullin ganyen magarya, da yadin alawayyo a naɗe. Ba ta jira a kira ta. Na tuna wata mata da ta rasu a wani gidan haya kusa da tasha, irin gidan da matan aure ke sauya hanya don kada su bi ta ƙofarsa. Ba dangi, ba wanda ya san garinta. Tun safe take kwance, matan unguwa kowa na cewa miya na kan wuta. Lokacin na zo gida wankan haihuwa na gama, Gwaggo ta ce in ɗauko buta in biyo ta. A bakin ƙofar na tsaya ina ja da baya. Ta juyo ta ce, "Zuba ruwa. Ba a tambayar gawa sana'arta."

Abu na farko da ta yi, kafin ruwa, kafin komai, ta cire mayafinta ta rufe wa matar fuska. Haka take yi wa kowace gawa. Sai da na girma ƙwarai na gane fuskar wa take rufewa.

Rigimarta da Baba kuwa duk unguwa ta sani. Baba mutum ne da ya taso da fatauci na fata, ya yi gida, ya yi suna, ana ba shi wuri a sahun gaba. Ya fi so a ce masa Basakkwace, a tsaya nan. Aka yi rasuwa a wani babban gida na cikin birni, manyan riguna sun cika zaure. Gwaggo ta je, aka shafa, ta ƙara tata. Wata mata daga cikin gidan ta ce, yadda kowa zai ji, "Yau kuma la'anannu ake wa Fatiha a gidan nan?" Gwaggo ba ta ko kalle ta ba, ta karanta abinta.

Da yamma Baba ya shigo ko sallama bai gama ba. Ya ce, "Yaya, kina tona muna asiri. Kowa ya manta, ke ce kullum ke tuna ma mutane cewa da igiya anka shigo da uwarmu garin nan."

Tana murza ƙuli-ƙuli, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni na ɗaura mata igiyar?"

"Ina da 'ya'ya. Gobe za su nemi aure."

"Wanda yaɗ ɗaura igiya shi ad da kunya. Shi ma yana da 'ya'ya, sun yi aure lafiya lau."

"Mutanen nan sun daɗe da zama ƙasa."

"Gawa ba ta tsufa. Fatiha kuma ba ta da nauyi. In ta yi maka nauyi bar mini, ni na ɗauka."

Damina ta zo ta wuce ba su yi magana ba. Amma kowace yamma tuwonta na tsallaka katanga zuwa wurinsa, kwanon kuma na dawowa da goro a ciki. Ranar da Baba ya rasu mutane suka ce yau dai za ta raga, ƙanenta ne. Aka shafa, ta ƙara. Da aka yi mata magana ta ce, "Kakanninsa ne. Can zai tarar da su, sai ya yi musu bayani da bakinsa." Ta faɗi haka hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba.

Da zan taho Doha na je sallama. Ta riga ta tsufa, ido ya yi rauni, sai ta kama hannuna tana laluba. Ta ce, "Can inda za ki, ana mutuwa?" Na ce, "Ana mutuwa, Gwaggo." Ta ce, "To ana Fatiha ke nan." Ta sake ni. Muddin tana raye bakinta ya ishe mu duka, shi ya sa na ɗauki maganar wasa.

Juma'ar da ta biyo bayan rasuwar, 'yan'uwa na nan suka shirya mana zaman addu'a a unguwar Abu Hamour, a ɗakin wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ke dafa wa ma'aikata abinci. Ɗana ya zo ya ɗauke ni bayan an sauko daga masallaci. Muka tsaya kasuwar kayan lambu muka sayi dabino da ayaba. Da muka koma mota bai tayar ba. Ya riƙe sitiyari yana kallon gaba.

Ya ce, "Inna, Alhaji zai zo."

Na san wanda yake nufi. Akwai yarinyar da yake nema a gida, shekara ta kusa zagayowa ana magana, kawunta kuma yana nan Doha, shi ne babba a kan masu gadin wani katafaren kanti. Basakkwace ne na cikin ganuwa, kuma abin da ya ce shi dangin yarinyar ke ji.

Na ce, "Ya kyauta. Allah ya ba shi lada."

"Ya taɓa tambayata asalinmu. Na ce Sakkwato."

"Ba ka yi ƙarya ba. Ba ka dai gama ba."

"Inna, an kusa sa rana. Yau kaɗai nake roƙo. Ki yi ta a zuci, Allah na ji."

Na dube shi. Wuyansa ya yi baƙi da ranar ƙasar nan, gefen kansa har ya fara fari tun bai kai ba. Na san yadda yake son yarinyar, na san abin da ya ci da abin da ya hana kansa don ya kai ga auren nan. Ba dutse ne a ƙirjina ba. Na ce, "Kaka ta yi ta a zuci har ta mutu. Wa yaj ji?"

Ya ce, "To ki bari sai ya tafi."

Ya tayar da mota.

Maza na falo, mu mata muna ɗakin ciki, ƙofa a ɗan buɗe don mu ji addu'a. Akwai direbobi 'yan Kano, da masu gadi 'yan Katsina, da 'yan zango da dama. Hajiya na ta kai da kawo da shayi tana cewa yalla, maza a matsa a ba baƙi wuri. Malamin da ya ja addu'ar shi ma ɗan zango ne, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a Sanaiya, muryarsa mai daɗi. Ya roƙa wa Gwaggo gafara, ya roƙa mata hasken kabari, ya roƙa wa iyayenmu da suka riga mu. Aka ce amin, aka shafa.

Na ji hannuwa sun sauka. Na ji cokali ya taɓa kofi. A daidai wannan wurin ne, duk tsawon rayuwata, wata murya ke shigowa. Na saurara kamar za ta shigo. A Sakkwato ba ta shigo ba, a kan gawar mai ita. In ta wuce nan ma, shi ke nan, an gama binne Satiru, kuma a gabana.

Na ce, "Malam, a ƙara Fatiha guda, don mutanen Satiru."

Hajiya ta tsaya da butar shayi a hannu. Malamin ya juyo wajen ƙofa ya ce, "Mma, su wane ne mutanen Satiru?"

Na faɗa masa daga inda nake zaune. Ban tsawaita ba. Garin, da wutar, da mutumin da aka bari ido a buɗe, da 'yarsa da aka shigo da ita birni da igiya. Na ce wannan 'yar ita ta haifi wadda kuka zo yi wa addu'a, ita ta haifi ubana, kuma ga jikan ubana nan zaune cikinku.

Alhaji ya yi gyaran murya. Mutum ne mai natsuwa, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce mini, "Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Amma wannan tsohon zance ne. Kuma mu dai mun taso mun ji manya sun sa wa wurin nan baki."

Na ce, "Ƙasar anka sa wa baki, Alhaji, kada a noma ta. Ban ji an sa wa Fatiha ba."

Wani daga cikin direbobin ya yi ƙaramar dariya ya haɗiye ta. Malamin ya ce, "Mma, musulmi ne?"

Na ce, "Da tabon salla a goshinsu."

Ya ce, "To me muke jira? Al-Fatiha."

Ta tsagar ƙofa nake kallo. Hannuwa suka tashi, na 'yan Kano, na 'yan Katsina, na 'yan zangon da ba su taɓa jin sunan garin ba sai ranar. Hannuwan Alhaji na kan gwiwarsa, nan suka zauna. Ɗana ya dube shi, ya dubi ƙofar da nake bayanta. Har an kai tsakiyar sura hannunsa na ƙasa. Sannan ya ɗaga.

Alhaji bai tsaya cin abinci ba. Ya yi sallama da ladabi, ya ce aiki na jiransa.

Da muka tashi ɗana ya bi da ni ta bakin teku, hanyar da ba ita ce ta gidan aikina ba. Rana ta yi sanyi, mutane na yawo da 'ya'yansu, jiragen katako na ɗaure suna lilo a kan ruwa. Ya sami wuri ya tsaya. Ya kashe mota.

Ya ce, "Kin san abin da kinka jawo mini."

Na ce, "Na sani."

"Ban ɗaga hannu don kin yi daidai ba."

"Don mi ka ɗaga?"

Ya ce, "Ya za a yi 'yan Kumasi su yi wa kakana Fatiha, ni ina zaune ina kallon bakin wani?" Ya buga sitiyari da tafin hannu, a hankali. Sannan ya ce, "Facin nan na rigarsa, wane launi kinka ce?"

Na ce, "Shuɗi."

Ya gyaɗa kai, ya tayar da mota.

Zuwa yau da nake rubutun nan, saƙon da ya zo daga dangin yarinyar shi ne a dakata, za su ƙara bincike. Su bincika. Ba sai sun wahala ba, ga shi na rubuta musu da hannuna. Mu jikokin mutanen da suka ƙi ne, aka ƙone garinsu, aka bar su ba wanka. In sun ba ɗana, sun ba shi da saninsu. In sun hana, zan yi kuka tare da shi, don ɗana ne kuma ni na jawo, amma ba zan ce na yi nadama ba. Ɗan ƙanen babana kuma ya kwantar da hankalinsa, lauya bai ƙare ba.

Gwaggo, ke da kika rufe fuskokin da ba mai rufewa, Allah ya rufa miki asiri ranar da ba mai rufa wa wani. Ya sa ruwan da kika zuba wa bayinsa ya zama sanyi a makwancinki. Ya haɗa ki da Kaka, da uwar Kaka, da mai facin shuɗi, da Baba ma, ku ƙarasa rigimarku a inuwa.

Wanda ya karanta ya ce amin. Amma kada ka sauke hannu tukuna.

A ƙara Fatiha guda, don mutanen Satiru.